Hannun da Desmond Ya Riƙe

Tun daga dajin Daintree na Ostireliya Raelene take fushi da mijinta, da suka tsaya a bakin teku sai ta juyo gare shi.

"Desmond, ko kadan da muka gani a kogi ya fi ka iya soyayya. In ba ka gyara yau ba, motar haya za ka bi."

Lokacin halittun ruwa masu harbi ne, don haka masu jirgin ruwan da zai kai su iyo suka lulluɓe kowa da baƙar riga iri ɗaya, har safar hannu, ga tabarau, ga bututun numfashi.

A cikin ruwa, saman duwatsun murjani, Desmond ya yi ta maza. Ya kamo hannunta ya matse, ya nuna mata kunkuru. Aka mayar masa da matsar.

Da ya ɗago kai, sai ga Raelene a kan jirgi, a bushe. Jiri ya hana ta shiga ruwa.

Na kusa da shi ya cire tabarau, gemu ya bayyana.

"Kada ka saki, ɗan'uwa. Tunda na yi aure ba a taɓa nuna min kunkuru ba."

Raelene ta kaɗa makullin mota. "Madalla. Sai ya kai ka gida."