Mai Shara a Ɗaki na Huɗu

Minti goma kacal zaman yake ɗauka. A rufe ƙofa, a karanta lambar fayil, mai gabatar da ƙara ya ce bincike bai kammala ba, alƙali ya ƙara wa wanda ake tuhuma sati biyu a tsare. Ba a barin 'yan jarida, ba a barin dangi. Daga ma'aikata sai Kofur, ɗan sandan da ke gadin ƙofa, sai tsohon da ke shara yana ajiye ruwa a teburi.

Wata biyu ke nan da ɗaukar tsohon aiki. Bai iya riƙe tsintsiya ba, amma bai taɓa makara ba. Shi ya roƙa a bar masa ɗaki na huɗu, inda ake kawo wani matashin makanike da ake zargi da kashe abokin aikinsa a gareji. Duk sanda tsohon ya shigo da ruwa, makaniken sai ya sunkuyar da kai, ba ya ɗagowa sai ya fita.

Ranar zama na biyar, mai buga takardu ta ja Kofur gefe.

"Ka sa ido a kan tsohon nan. Na ga hotonsa a fayil. Shi ne mahaifin mamacin."

Kofur ya waiga ya dubi tsohon. Sai yanzu ya gane dalilin da tsohon ke daɗewa yana goge teburin da ba datti, kusa da bencin wanda ake tuhuma.

Aka shigo da makaniken da ankwa, ya rame, yana tari. Alƙali ya ƙara masa wata uku, ya ce a mayar da shi babban gidan yari, kuma daga yau ba sai an riƙa kawo shi kotu ba.

Tsohon ya ajiye kofi. Ya sa hannu a aljihu, ya nufi bencin.

Kofur ya riga shi. Ya murɗe masa hannu, ya fitar da shi baranda. Abin da ya faɗo ƙasa kwalbar maganin tari ce da safa guda biyu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tun yana ƙarami ƙirjinsa ba ya son sanyi. An ce can a kan siminti suke kwana."

Ta tagar baranda suka ga ana tura makaniken cikin mota. Wannan karon ya ɗago kai, yana neman wani da ido, har aka rufe ƙofar.

Kofur ya sassauta murya. "Amma ka san ɗanka ake cewa makaniken nan ya kashe?"

Tsohon ya durƙusa ya tsince safar, yana kakkaɓe su a hankali.

"Na sani, Kofur. Su biyu Allah ya ba ni, shi kaɗai ya rage."