Jibin Ubangiji a Gonar Albasa

Kana ta ƙorafi benci ya fi mutane yawa a cocinka? To gyara zama, ɗana, in ba ka misali.

An yi wani limamin coci a wani ƙauye, ana ce masa Fada, mutumin kirki, amma kai kamar dutse. Da an gama girbi sai jama'arsa su kwashe su tafi bakin dam noman rani, tafiyar rabin yini, albasa kuwa ba ruwanta da Lahadi, ruwa take so. Shi ko sai ya buga ƙararrawa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a bagade, ya yi sujada da tsofaffi huɗu. Duk mako yana aika direban motar kasuwa a ce musu su dawo gidan Allah. Saƙo na zuwa, ba mai dawowa. A rani na uku direban ya dawo da amsar wata tsohuwa da ke yi wa manoman tuwo, wadda ciwo ya kwantar: "Ka ce wa Fada ban ƙi ba, ƙafa ce ta ƙi. Tsorona kada in mutu ban karɓi Jibin Ubangiji ba."

Maganar nan ta soke shi, kunya ta rufe shi, ya ce shi da kansa zai kai musu Jibin har gona, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a coci. Dattawan coci suka ce haba, Jibin Ubangiji cikin warin albasa? Ya ce, "Shi Ubangijin ai a komin dabbobi aka kwantar da shi." Ya ɗaure gurasa da ƙoƙo a bayan keke ya kama hanya. Keke ya yi faci, ya sauka ya tura. Da ya isa dam, a gindin wani mangwaro ya kife kwando, ya shimfiɗa farin ƙyallen nan, addu'a kuwa ko kalma ɗaya bai rage ba. Aka kashe injin ban ruwa, mutane suka zo da taɓo har gwiwa suka durƙusa. Tsohuwa a tabarma aka ɗauko ta, ta karɓa tana hawaye. Ba ta kai cirar albasa ba ta rasu. Shi kuma daga nan ya raba ƙafa, Lahadi ɗaya ƙauye, ɗaya dam, har yaran da aka haifa a bukkokin manoman ya yi musu baftisma a gindin mangwaron.

Kai da babur gare ka ma, ga shi can jingine yana shan rana. Tashi ka bi mutanenka. Ai Hausawa sun gama magana: zumunta a ƙafa take.