Hujin da ke Hular Rawiri

Dougal Tweedie ya kwanta rub-da-ciki a bayan dutse, ya ɗora bindigar harbin zomaye a kan jakarsa. Can ƙasa, tazarar mita tamanin, mijin ƙanwarsa Rawiri yana ɗaure wayar shinge yana fito. Kyakkyawa ne Rawiri, kuma duk faɗin yankin Otago babu mai kwanyarsa, ko da yake daga aji uku ya yi wa makaranta sallama. Shi tsohon, mahaifin Dougal, ya ce zai bar wa gonar tumakin, ba ɗan cikinsa ba.

Wata guda Dougal yana shiri. Ya rage tsawon bututun bindigar, ya ɗaura mata abin kashe ƙara, ya saita ta da harsashi mai sanyin gudu. Irin wannan in ya fita, ɗan tari kawai za ka ji. Mai saurin kuwa ya kan riga sauti, ko me ka ɗaura sai ya tsaga iska kamar bulala, kuma sama yake bi.

Da safen nan wajen shan shayi, Rawiri ya ɗauki kwalin harsashin yana jujjuyawa.

"Yaya, zomayen da kake harbi da wannan ai tsufa ke kashe su."

"Ajiye min kaya, ɗan iska."

Ya ajiye, bayan Dougal ya dawo daga ɗaure kare.

Yanzu Dougal ya auna ƙeya, ya riƙe numfashi, ya ja kunama.

Tau! Duwatsun kwarin suka amsa. Hular Rawiri ta yi sama, shi ya yi cikin rami. Harbi na biyu ya tsaga kan turken shinge.

Masu askin tumaki shida suka ɓarko daga rumfa, shugabarsu Mereana a gaba da sandar ƙarfe. Dukan farko ya karya wa Dougal hannu, na biyu ya zubar da haƙora uku a ciyawa.

"Zomo mai hula ka gani, la'ananne?" in ji ta, gwiwarta a wuyansa.

Dougal ya tofar da jini. "Ai ba ta yin ƙara! Sau ɗari na gwada ta!"

Da bakinsa ya gama wa 'yan sanda aiki.

Ni dai Rawiri, so na yi in kore masa zomaye in sha dariya, shi ya sa na musanya harsashin. Hular tana nan rataye a ɗakina, in ka zo ka zura yatsa a hujin.