Dattijon da Ya Hau Igiyar Teku

Ka ce kunya ce ta hana ka shiga ajin manya da furfurarka. To, zauna ka ji labarin wani tela, mutumin arewa, da neman abinci ya kai shi wani ƙauyen masunta a bakin teku, can inda hanyar mota ta ƙare. A nan ya manyanta, har ya zama dattijon da baƙi ke kai wa ƙara, ba a ganinsa sai cikin babbar riga da hula. Masuntan wurin suna da wani wasa: sukan sassaƙa allo daga tsohon kwalekwale, su kwanta a kai su shiga teku, in igiyar ruwa ta taso su miƙe tsaye ta kawo su gaɓa. Ba kullum tekun ke yarda ba. Yawancin shekara ruwan a hargitse yake, sai a wani ɗan lokaci, idan iska ta huro daga tudu da sassafe, igiyar ke zuwa doguwa, sumul, ta faro daga gindin dutse ta yi ta naɗewa har itatuwan kwakwa. Telan nan ya iya ruwa tun yana yaro a kogin garinsu, kuma duk ranar da tekun ya yi haka sai keken ɗinkinsa ya tsaya, idonsa na waje. Wani masunci, sa'ansa kuma amininsa, ya lura, ya sassaƙa masa allo. Ya karɓa ya yi godiya, ya jingine shi bayan shago. Yana tsoron a ce an ga dattijo tuɓe, da tumbinsa, ruwa na wurgi da shi a gaban mata masu ƙyafe kifi.

Ana nan 'ya'yansa suka aiko, lallai bana ya dawo gida ya huta. Ana gobe zai tafi, aka wayi gari iska ta juya, tekun ya kwanta kamar an goge shi, igiyoyi na tahowa a jere. Masuncin ya zo ƙofar shago ya ce, “Malam, garinku akwai irin wannan?” Telan ya miƙe. Ya cire hula, ya tuɓe riga ya ninke ta a kan keke, ya ɗauki allo ya ratsa tsakiyar kasuwar kifi daga shi sai wando. Aka yi dariya kuwa. Igiyar farko ta kifar da shi, ta biyu ta cika masa baki da rairayi, ya fito yana tari, shi ma yana dariya. Amininsa ya riƙe masa allon ya ce ya jira babba, kada ya dubi ƙafarsa, ya dubi kwakwa. Da ta zo, ya durƙusa, ya miƙe a karkace, hannuwa a buɗe, ruwan ya ɗauke shi yana gudu da shi kamar ba shi da nauyi. Matan suka bar kifi a wuta suka yi ta guɗa, har wanda ya fi kowa dariya ɗazu ya shiga ruwa ya tarye shi. Telan bai fito ba sai da rana ta take. Ya koma arewa da ƙujewa a gwiwa, kuma har ya tsufa tukuf, in ya fara labarin safiyar nan sai fuskarsa ta washe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.