Wayar Alhaji Sagiru Mai Tsegumi

"Goge su duka, Timothy!" Alhaji Sagiru ya dangwarar da wayarsa a teburin mai gyara. "Manhajojin manyan kamfanonin nan 'yan leƙen asiri ne."

A ra'ayin Alhaji, arzikin da dangi suka sani ya riga ya ƙare, shi ya sa kullum kukan babu yake yi. Amma ranar da ya sayi gona a Batagarawa a ɓoye, kafin la'asar surukinsa ya zo taya murna, har da 'yar buƙata.

"Ka san mi? In na zauna ƙofar gida na danna saƙon murya, shiru nake ji. In sake dannawa, shiru. Su ne ke saurare!"

Timothy ya goge komai, ya sa masa wata manhaja da ba wanda ya santa a Katsina. Dillalin Alhaji ma sai da aka tilasta masa sauke ta.

Da yamma Alhaji ya harɗe a ƙofar gidansa a Ƙofar Marusa yana murmushi. Saƙon dillali ya shigo. Ya danna. Shiru.

Sai ga Tanimu mai shayi ya tsallako titi, rungume da sifikar da Alhaji ya taɓa haɗa wayarsa da ita don majalisa ta saurari wa'azi.

"Alhaji, barka da yamma. Jama'a sun ce don Allah a ƙara danna mana. Ba mu ji sosai ba, sabuwar motar fara ce ko baƙa?"