Bargo a Kan Sola

"Macuci! Mataccen batir ka haɗa mini!" Maigida ya ci kwalar mai sola, wanda ya haɗa masa wutar hasken rana, don tun jiya ko fanka ba ta juya ba.

Mai sola ya duba wayoyin batir, komai lafiya lau. Da ya hau rufi, sai ga faifan solar lulluɓe da bargo.

Maigida ya daka tsawa: "Wane jakin ne ya yi wannan aiki?"

Surukarsa ta leƙo daga ɗaki. "Ga jakar nan, ɗana. Ni na sa a rufe. Abu mai tsada haka, ku bar shi a rana?"

Maigida ya durƙusa. "Gaskiyarki, Inna." Ya ɗaga kai sama. "Malam, mayar da bargon nan!"