Amaryar Gwadabe Mai Kaset

Gwadabe mai kaset ya sha faɗa cewa duk ƙasar Gummi babu mai kunnensa. Mace ta yi tari a bayan katanga, wai sai ya faɗi sunanta da na uwarta. Da wannan bakin ya rungumo rediyonsa har Bukkuyum, ya zo karɓar 'yarsa Hafiza.

Modibbo, kawun Habsu matar da Gwadabe ya saka, ya riga ya gitta sharaɗi: ba a danƙa wa gwauro yarinya 'yar shekara huɗu. Ya nuna macen da za ta riƙe ta, ko ya koma yadda ya zo.

"Na samu," in ji Gwadabe yana karkata hula. "Mardiyya. An sa rana."

Wa bai san Mardiyya ba? Tun tana sa sabon ɗinki ana ɗaukarta hoto, teloli na manna kalandarta a bango mata suna zaɓen yayi, har 'yan fim ɗin Kano suka ɗauke ta. Yanzu in ta juya ido ta yi waƙa, samarin Anka sai su manta da tuwo.

Gwadabe ya harari Habsu da ke zaune bakin ƙofa, 'yar a cinyarta. Waƙe-waƙenta na bakin turmi ne suka raba su. Bayan sakin ta yi shekara biyu a Kano, aikatau aka ce.

"Allah ya raba ni da kukan jaki," ya ce, "ya ba ni wagga." Ya danna rediyo.

Murya ta fito siririya, mai sanyi. Hafiza ta dubi rediyon, ta ɗago ta dubi uwarta.

"Ni Mardiyya taf fara rera ma wagga waƙa, baki da kunne, ɗakinta na Kano, tun ba a ɗauke ta ga kaset ba. Wallahi," in ji Gwadabe.

Modibbo ya shafa gemu. Rantsuwa ba wasa ba ce. Ya miƙa hannu a kawo masa yarinyar.

Habsu ta tashi, amma da 'yarta a kafaɗa.

"Kawu, shi rantse da wani abu. Mardiyya ko kiran kaji ba ta iya ba. Baki kawai taka motsawa."

Ta sa babban yatsa ta kashe rediyon ana tsakiyar baiti. Waƙar ba ta tsaya ba, daga bakin Habsu ta ci gaba.